Muryar da Na Ba Ka Ajiya, Tiamiyu

Wanda ya ba mu aron Tiamiyu Oladosu ya karɓi abinsa ranar Laraba, 12 ga watan Fabrairu, da hantsi, a gidansa da ke Surulere, Legas. Daga gare Shi muka fito, kuma can za a tattara mu gaba ɗaya. Matarsa Silifatu ta ce ya karya da koko da ƙosai, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya kishingiɗa a kujerar da yake sauraron kiɗa, bai sake tashi ba. Kafin magariba mun kai shi makwancinsa. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na goye shi. A ƙa'ida shi ya kamata ya yi wannan rubutu a kaina, amma tun yana yaro ba ya bin layi.

Abokansa na ƙungiyar masu sauraron kiɗa, waɗanda suke kiransa Baba Eti, wato Baba Kunne, saboda kaifin kunnensa, su suka roƙe ni in rubuta wani abu a ɗan littafin da za su raba ranar addu'ar arba'in. Na karɓa, bisa sharaɗin ba za a yanke ko layi ɗaya ba, domin akwai abin da ya shafe su a ciki.

Tiamiyu, da kai zan yi magana. Ranar addu'ar kwana takwas, da alfa, malamin da ke jan addu'a, ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe, ni na fara ɗaga murya na ce na yafe duniya da lahira. A lokacin ban san abin da nake yafewa ba. Yanzu na sani, kuma na janye maganata. Na ba ka ajiyar muryata, ka ci amana. Zan faɗi yadda aka yi. Amma bari in fara da alherinka, kada a ce tsohuwa ta ruɗe.

An haife ka da kunnuwa fato-fato, har ungozoma ta ce da su ka fara leƙo duniya. Mun yi maka dariya iya dariya, ashe kayan aiki aka ba ka. Kana ɗan ƙarami kake kara kunne a jikin tukunya ka ce wa mahaifiyarmu wake ya nuna, kuma ba ka taɓa kuskure ba. A cikin duk kekunan da ke wucewa ta layinmu a Isale Eko, kana gane na mahaifinmu tun yana kan kwana, sai ka ce mu tattara ɓarnarmu. Sau nawa ka cece ni daga bulala, ni kuwa ina biyanka da ƙanzon shinkafa.

Ka yi aikin ɗaukar murya a gidan rediyo har ka yi ritaya, ba a taɓa jin ka da abin kunya ba. Lasifikar masallacin unguwarku kai kake gyarawa. Ta cocin da ke tsallaken titi ma kai ne, ba wanda ya aike ka. Da aka tambaye ka dalili, ka ce ba ka iya jure jin ana kiran sunan Allah ta cikin tsatsa. Lokacin da aka yi min aikin ido aka naɗe min fuska, kullum da rana kana gefen gadona kana karanta min jarida, kana cusa ƙarairayi a tsakiyar labarai don ka ga ko zan kama ka. Ranar da ka karanta min cewa gwamnati za ta fara karɓar harajin barkono daga tsofaffin mata, na yi dariya har nas ta kore ka. Da mijina ya rasu, kai ka tsaya min. Jikata Nimota ba ta san maraicin uba ba saboda kai. Kai ka kai ta makaranta ranar farko, kai ka tsaya a bayanta ranar da ta gama karatun haɗa magunguna, da babbar rigarka da ta fi ƙarfinka. Duk wannan gaskiya ne, kuma zan ba da shaidarsa ko a gaban wa.

Yanzu ga ɗayan.

'Yata Rafatu ta rasu wajen haihuwar Nimota. Ita kaɗai Allah ya bar min, kuma har yau da sunanta ake kirana, Iya Rafatu. Kwanaki bayan an binne ta, da masu gaisuwa suka tsagaita, na shiga ɗakin baya da rana tsaka na zauna a ƙasa. Ban yi niyyar komai ba, bakina ne ya buɗe da kansa. Na shiga yi mata kirarin gidanmu, irin wanda ake yi wa yaro don ya yi shiru, daga nan kirarin ya koma kuka, kukan ya koma waƙa. Sai ga ka a bakin ƙofa da jakar aikinka a kafaɗa. Ka durƙusa ka ce, “Anti Wosi, bari in ɗauka. Ba don kowa ba, don jaririyar nan. In ta girma ta ji yadda aka so uwarta.”

Na ce to, amma kunnenta kaɗai, kuma sai ranar da na ce. Ka rantse da Allah. Na ci gaba, na manta ma kana ɗakin.

Da Nimota ta zama budurwa ta fara tambayata wace irin mace ce mahaifiyarta, bakina ya kasa. Duk surutuna, in aka zo kan Rafatu sai harshena ya yi nauyi. Na ce lokaci ya yi, na aika a kira ka. Ka zo ka zauna kana murza hularka, ka ce ruwan da ya shiga gidanka shekarar ambaliya ya ci kaset ɗin. Har ni na koma ina ba ka haƙuri. Na zuba maka amala da miyar ewedu, ka cinye, ka nemi ƙari.

Ni da ƙungiyarku dama sai tsokana. Ƙungiyar kurame nake kiranku: manyan mutane da furfura, kowa ya kifa kwanuka biyu a kunne, ya rufe ido yana gyaɗa kai, ga kiɗa amma ba mai rawa. Ka sha gayyatata, na sha ce maka in na ga dama in ji waƙa ina da rediyo. Amma da shugabanku, Dokta Ezenwa mai gyaran haƙori, ya zo har gida ya ce za su yi zama na musamman don girmama ka, kuma suna son babbar yayarka ta halarta, sai na ga bai kamata in ƙi ba. Nimota ta ɗauke ni a motarta ranar Asabar bayan azahar, muka tafi Yaba, saman asibitin Doktan.

Na tarar da su yadda kake ba ni labari. An kashe janareta, an kashe fanka, komai a kan batir, kowa yana gumi ba mai ƙorafi. An hana cin cincin a ɗakin saboda ƙarar tauna. Ga hedifon nan jere a kan teburi, kowanne a rataye a jikin gunkin katako mai siffar kai, wani na fata, wani na itace mai sheƙi, wani an ce kuɗinsa zai sayi mota. Kujerarka an bar ta ba kowa, an ɗora naka a kai. Na ga idanun mutanen nan jajur, na ce a raina ashe kurame ma sun san rashi.

Dokta ya yi ɗan jawabi. Ya ce a duk lokacin da za a gwada sabon hedifon a wannan ƙungiya, da faifai ɗaya ake gwada shi, wanda Baba Eti ya ɗauka da hannunsa. Ya ce ba su da awon da ya kai shi, kuma yau suna son Alhaja ta ji aikin ƙanenta a kan uku mafi kyau da suke da su. Ya bayyana min ƙa'ida: ɗan yanki ɗaya ake sakawa, a daidaita ƙarfin sautin, a ji a wannan, a cire, a goge, a ji a wancan, kuma ba a magana sai an gama. Sannan ya shiga kame-kame yana kallon ɗaurin kaina, ya ce abin ba zai zauna a kan gwaggwaro ba.

Na ce, “Dokta, ko mijina sai da ya biya sadaki kafin ya ga gashin nan.”

Aka yi dariya. Wani lauya mai tumbi, Barista Fagbenro, ya tambaya cikin ladabi ko na shafa mai a kai, wai fatar hedifon ba ta son maiƙo. Na ce masa nasa kan da ke sheƙi kamar an soya shi fa? Nimota ta yafa min siririn gyale, aka kifa min na farko. Ina cikin raha, Tiamiyu. Ina son ka san da wannan. Da dariya a bakina na shiga.

Abin da na fara ji ɗaki ne. Famfo yana ɗiga, zakara ya yi cara can nesa, wata motar haya tana oda. Sai wata mace ta ja numfashi daidai bayan wuyana, har na kusa waiwayawa. Sannan ta kira sunan 'yata.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba, kai da ka san sauti. Sanyin simintin ɗakin nan na ji a cinyoyina. Matar tana kira, tana kirari, muryarta ta hau, ta hau, ta karye. Daidai nan aka katse. Aka cire, aka goge da ƙyalle, aka kifa min na biyu, aka mayar da ni farko. Famfo, zakara, numfashi, Rafatu. Aka katse. Na uku ma haka. Na bar su suka yi. Sau uku aka binne min 'ya a zama ɗaya, ana goge kunne tsakani.

Da suka ga hawaye, sai suka ɗauka daɗin aikinka ne ya taɓa ni, bakinsu ya buɗe. Dokta ya ce a na farko, in matar ta haɗiye yawu, har danshin maƙogwaronta ake ji. Wani ya ce na biyu yana ƙara mata zaƙin da ba nata ba. Wani ya ce a'a, na biyun ne mai gaskiya, na uku yana kumbura mata ƙirji. Suka fara musu a kaina, a kan haɗiyar yawuna, a kan jan majinata, kowa da hujjarsa. Barista ya sunkuyo da fara'a ya ce:

“Alhaja, kin ji wani ɗan motsi ta hagu, daidai inda muryar za ta karye? Takun Baba Eti ne. Ya ji karyewar tana tafe, sai ya lallaɓo ya matso da makirufo. Duk hedifon da bai fito da takun nan ba, ba ma ɓata lokaci a kansa.”

Na tuna matsowar nan, Tiamiyu. Ban taɓa mantawa da ita ba. Duk tsawon shekarun nan, in na tuna ranar, ina cewa ƙanena ya matso kusa da ni lokacin da na fi bukatar mutum. Ina zaton dafa ni ka zo yi, kunya ta hana ka. Ashe aiki kake.

Na tambaye su wace ce matar. Dokta ya ce ka gaya musu wata tsohuwar ƙauye ce da ka ci karo da ita wajen aiki, kuma ta daɗe da rasuwa. Ka kashe ni kenan tun kafin kai ka mutu, kuma ka mayar da ni 'yar ƙauye, ni da aka yanke wa cibi a tsakiyar Isale Eko. Dokta dai ba ya jin yarenmu sosai, na yi masa uzuri. Na juya ga Barista na ce, kai da ka sha shi a nono, me take cewa?

Ya sosa ƙeya. Ya ce, “Gaskiya, Alhaja, mun daina jin kalmomin tuntuni. Sautin muke bi.”

Na tambaya ko akwai wanda ya taɓa jin sa har ƙarshe. Suka kalli juna. Babu. Yankin nan kaɗai suke bukata, don a nan ne ake gane hedifon na ƙwarai.

Sai na gaya musu. Ban ɗaga murya ba, ka san in na yi fushin gaske a hankali nake magana. Na ce matar ba ta mutu ba, ga ta zaune sun tuɓe mata ɗauri. Na ce wadda ake kira 'yata ce, kuma wannan da ke tsaye a bayana ita ce jaririyar da aka ɗauki faifan dominta, wadda aka ce mana ruwa ya cinye rabonta. Ban taɓa jin shiru irin na ɗakin nan ba, ko da yake su masu sayen shiru ne da tsada.

Na ce a sa wa Nimota, daga farko har ƙarshe. Dokta ya miƙe, ya tsaya a gaban teburi, ya juyo ya tambayi sauran wanne za a sa mata. Wallahi har wani ya buɗe baki zai ba da shawara. Na ce wanda ya fi kusa da hannunka.

Ta zauna ta ba su baya. Muka jira. Ban san waƙar ta yi tsawo haka ba, ashe na daɗe a ƙasan nan. Ina kallon kafaɗunta suna motsi, wani lokacin kuma sai su tsaya cak. Da ya ƙare ta cire da kanta, ta riƙe shi a cinya, ba ta bari an goge ba. Ta juyo ta ce, “Mama, ba ki taɓa gaya min tana tsoron kaza ba.”

Ni ma na manta na faɗa a ciki. Rafatu, mace har da ciki, in kaza ta biyo ta sai ta hau benci. Muka yi dariya ni da jikata a tsakiyar mutanen nan, muna share fuska. Abin da ya kamata ta ji a ɗakina, kanta a kan cinyata, tun tana budurwa, sai ga shi ta ji a saman asibitin haƙori, a gaban baƙi, bayan kunnuwan da ba su san ta ba sun gama lashe shi.

Na yi ta juya abin, Tiamiyu, ina neman maka mafita. Na ce ko sau ɗaya ka saka wa wani aboki don ya ji kyawun ɗaukar, aka yaba, yabon ya yi maka daɗi. Na san ka da son a ce aikinka ya yi. Daga nan ya fita daga hannunka, kunya ta hana ka dawo da shi gida, sai ka laƙaba wa ambaliya. Wataƙila haka ne. Silifatu ta rantse min ba ta taɓa jin ka saka shi a gida ba, kuma na yarda da ita. Amma ka dube ni ido cikin ido ka ce ruwa ya ci, ka ci amalata, ka ci gaba da zuwa kowace Asabar ɗin ƙarshen wata kana auna kayan wasanku da kukana. Wannan ban samo masa mafita ba.

Kafin mu bar ɗakin na ce a ba Nimota nata, sauran kowa ya goge nasa daga na'urarsa. Wasu sun goge nan take a gabana, Allah ya yi musu albarka. Dokta ya goge, amma ya ce dole ya gaya min gaskiya: abin ya yi nisa. Ka ba abokai, abokai sun ba abokai, an je da shi tarurruka a ƙasashen waje, akwai waɗanda ba su taɓa taka Legas ba suna gwada kayansu da shi. Barista kuwa ya ce a yi tunani tukuna, wai wannan tarihi ne, shi ne babban aikin da ka bari, kuma ana iya sa sunana a kai a girmama ni. Na ce masa sunana yana nan lafiya inda yake. Na lura ya mayar da na'urarsa aljihu bai taɓa komai ba. Barista, in kana karanta wannan, idona ɗaya ne aka yi wa aiki, ɗayan garau yake.

Don haka ga maganata ga duk wanda littafin nan ya shiga hannunsa, na nan da na nesa, kuma wanda ya ji ya fassara wa wanda bai ji ba. Kun ce kuna ƙaunar Baba Eti, kuma na ga hawayenku, ban ƙaryata ku ba. To mutuminku yana kwance da haƙƙin mutum biyu a wuyansa, nawa da na marainiya. Nimota ta ce ita ta yafe, yarinya ce mai taushin zuciya, ba ni ta biyo ba. Nawa yana nan. Ba na neman a zo a durƙusa min, ba na son kyauta. Ku goge. Ku nemi wata murya wadda mai ita ta yarda a auna ta. Ranar da na ƙarshe a cikinku ya goge, a ranar na yafe, ko ina raye ko ba na raye. Na san ba ni da hanyar sanin ranar. Allah yana da ita, kuma Shi zai sanar da ƙanena.

Ranar arba'in zan zo in zauna a sahun gaba, ni zan dafa abincin sadaka ma. In alfa ya yi tambayarsa aka ga na yi shiru, kada a taɓa ni a ce Alhaja ba ta ji ba. Na ji.

Ya Allah, wannan bawanka ne Tiamiyu ɗan Oladosu. Ya gyara muryar masu kiran sunanka, ya riƙe marainiya, ya zauna da mara lafiya. Ka gafarta masa abin da ke tsakaninka da shi, Ka yalwata masa kabari, Ka sanyaya masa shi, Ka sa ya ji kiran alheri ranar da za a tashe mu. Abin da ke tsakanina da shi kuwa, Ka taɓa zukatan abokansa su gaggauta, domin na goye shi, kuma ba na son ya daɗe yana jira.

Silifatu, ƙanwata, Allah ya ba ki haƙuri da dangana, ba ruwanki a wannan magana, ƙofata a buɗe take gare ki kamar kullum. Mudasiru da Bolanle, mahaifinku mutumin kirki ne wanda ya yi kuskure babba guda, ku riƙe kirkin, ku yi masa addu'a. Ina miƙa ta'aziyyata ga dangin Oladosu na Isale Eko da na Surulere, da jama'ar masallacinsa, da maƙwabtansa na coci, da ku 'yan ƙungiya, da waɗanda suka goge da waɗanda muke jira.

Allah ya jiƙan ka, Tiamiyu. Allah ya jiƙan Rafatu.

Yayarka,
Wosilatu Abeke, Iya Rafatu